Likita Ya Ce A Rage Maiƙo: Ina Makomar Tuwon Dare?

Duk magidancin da ya dawo daga asibiti da umurnin likita cewa ya rage cin maiƙo, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne akushinsa na bayan sallar isha'i. Tuwon shinkafa da miyar taushe, an kwarara man shanu yana sheƙi, shi ne alamar girmamawar uwargida, shi ne kuma ma'aunin karamci ga baƙo. To, mai ciwon zuciya, ko mai tsakuwa a matsarmama, ko wanda ƙiba ta yi wa yawa, sai ya yi ban kwana da wannan akushi ke nan? Amsa ita ce a'a, domin tuwo ba shi da wani maiƙon kirki. Gyaran duk yana cikin tukunyar miya.

Ga lissafin. Kowane giram na mai yana ba jiki kalori 9, alhali abin da na hatsi ko na tsokar nama ke bayarwa bai wuce 4 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da baligi ke samu daga abincinsa na yini, mai daskarewa kuwa irin kitse kada ya wuce kashi 10. Ga mai bukatar kalori 2,000, wannan bai kai babban cokali 5 ba, har da maiƙon da ke ɓoye cikin nama da gyaɗa da ƙosan safe. Sai mai karatu ya gwada wannan da ludayin man da akan zuba a miya ɗaya.

Haka kuma mai suna ya tara. Fiye da rabin man shanu mai daskarewa ne, na manja kusan rabi, na man gyaɗa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Mai daskarewar nan shi ke ƙara kitsen da ke yawo cikin jini, wanda a hankali yakan ƙuntata hanyoyinsa. Amma fa ko man gyaɗar ma, ƙarfinsa ɗaya da sauran wajen sa ƙiba.

Abin farin ciki shi ne girkinmu na gargajiya bai dogara ga mai ba. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa daɗinsu daga daddawa da citta da barkono yake. Taushe kuwa, tun da akwai gyaɗa a cikinta, kabewa da yakuwa sun ishe ta ba sai an ƙara mai ba. A yanke kitse daga nama, a cire fatar kaza, a bar romo ya huce sarai har maiƙo ya taru a sama, a kwashe. Kifi a gasa ko a yi farfesu maimakon suya, alala ta maye gurbin ƙosai, man da za a zuba kuma a auna shi da cokali.

Sai dai kada gyara ya zama ɓarna. Jiki ba ya iya cin moriyar bitamin A da D da E da K sai da ɗan maiƙo, ƙananan yara kuwa suna bukatarsa domin girma, saboda haka ba a ɗora musu dokar mahaifinsu. Dabarar ita ce a yi miya da ɗan mai kaɗan, a ɗebi ta Maigida, sa'an nan a ƙara wa yara nasu a kwano.

Saura magana ga Maigida kansa. Daren farko harshe zai yi ƙorafi, amma kada ya ture akushi ya ce an raina shi, kada kuma ya zagaya wurin mai tsire. Uwargidan da ta riƙe ludayin mai, tsawon ransa take nema. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.