Buhu mai ruɓi ukku

A ƙasar Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Runji, manoma suna shibka wake a tsakanin hatsi. Da wake ake yin ƙosai da ɗan wake da shinkafa da wake. Harawarsa kuma abincin bisashe ce.

Amma wake yana da babban abokin gaba, shi ne ƙwaron wake. Tun a gona yake bin sa. Macen ƙwaro tana yin ƙwai bisa tsaba. Tsutsa ta fito, ta huda tsabar, ta zauna ciki tana ci. Bayan kamar wata guda sai ta zama ƙwaro, shi ma ya yi nasa ƙwai. Kafin rani ya yi nisa, buhu ya cika da huji da gari.

Saboda tsoron wannan ɓarna, manomi yakan sayar da wakensa da kaka, lokacin da yake araha. Da bazara kuma ya koma kasuwa ya saye shi da tsada. Wasu suna gauraya shi da toka ko rairai. Wasu suna zuba maganin ƙwari, alhali guba ce mai cutar da mutum.

Masu binciken aikin gona sun nemo wata dabara. Sun fara gwada ta a arewacin Kamaru, tare da malaman jami'ar Purdue ta ƙasar Amurka. A shekara ta 2007 aka fara kai ta ƙauyukan Nijar. Ma'aikatan INRAN na Maraɗi, irin su Dokta Ibrahim Bawa, sun yi aiki ƙwarai a kanta. Sunan buhun PICS. A cikinsa akwai leda biyu masu kauri, a waje kuma buhun saƙa. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100.

Ina asirin wannan buhu? Ƙwaro yana lumfashi kamar mu. In aka ɗaure ledoji tam, sabuwar iska ba ta shiga. Ƙwari su shaƙe ƴar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haifuwa, su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan.

Ga yadda ake yi:

1. A shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe shi.
2. A cika kowace leda da iska a matsa, don a ga ko ta huje.
3. A sa leda cikin leda, a sa su cikin buhun saƙa.
4. A zuba wake, a bar wurin ɗauri, a matse iska ta fita.
5. A murɗe bakin leda ta farko, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka, sannan buhun waje.
6. A aje buhu bisa katako, nesa da bango da rana da ɓeraye.

Da aka kawo dabarar, mutane ba su yarda nan da nan ba. Sai aka riƙa ɗaure buhu a gaban jama'ar gari, bayan watanni a buɗe shi a gabansu. Suka ga wake fes kamar ranar da aka zuba shi. Gani ya kori ji.

Buhun ya fi buhun saƙa kuɗi, amma in an kula da shi yana yin shekaru. Huji a leda kuwa yana iya ɓata aikin.

Tambayoyi

1. Mi ya sa manomi yake sayar da wake da kaka?
2. Mi ke kashe ƙwari cikin buhu mai ruɓi ukku?
3. Ku tambayi iyayenku yadda suke ajiyar wake, ku rubuta amsarsu.