Idan aure ya mutu saboda duka, wa zai zauna a gidan?

A yawancin gidajenmu, matar da aka doka ce ke kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta. Doka ba ta tilasta mata hakan ba.

A shekarar 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Ta fara aiki a Abuja, jihohi kuma kowace sai ta amince da tata. Dokar ta ba kotu ikon hana mai duka shiga gidan da suke zaune tare. Wanda ya kori matarsa da ƙarfi kuma yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ta kai naira 300,000.

A shari'ar Musulunci, wadda aka saki tana da haƙƙin yin idda a ɗakinta. Mazhabar Malikiyya ta yarda alƙali ya raba aure saboda cutarwa. Amma zama kusa da mai duka haɗari ne, ranta ya fi ɗakin muhimmanci.

'Yar'uwa, ki je asibiti a rubuta raunin, ki nemi shaidu, sannan ki kai ƙara kotu.