Rabin Kilo da Rabin Milimita: Alƙaluman Firam ɗin Keken Doguwar Tafiya

Duk inda matafiyi ya jingine kekensa a bakin kasuwa, abin da jama'a ke fara yi shi ne su kama sirdi, su ɗaga, su tambayi kilo nawa ne. A Turai da Amurka ma tambayar farko ke nan da ake yi wa maƙeran da ke haɗa firam bisa awon jikin mai shi, kamar yadda tela ke gwada mutum kafin ya sa almakashi. A ganina, cikin duk alƙaluman da ke kan takardar awon irin wannan keke, nauyi ne ya fi cin surutu, shi ne kuma ya fi ƙarancin tasiri.

Mu buga misali. Matafiyi mai kilo 75, keke kilo 14, tanti da tufafi da abinci kilo 25, ruwa lita 6, wato kilo 6. Jimilla kilo 120. Idan maƙeri ya yi ta fama har ya rage rabin kilo daga firam, bai cire ko rabin kashi ɗaya cikin 100 na wannan kaya ba. Ɗaga rabin kilo zuwa tsayin mita 1,000 aiki ne na jul 4,900. Jikin mutum yana mayar da kusan rubu'in abincin da ya ƙona zuwa aiki, saboda haka kuɗin wannan rabin kilo a kan dutse mai tsawon kilomita guda bai wuce kalori 5 ba. Ƙaramin dabino guda ɗaya yana da kusan 20. Heinz Stücke, Bajamushen da ya bar garinsu a 1962 ya shafe kusan shekara 50 yana zaga duniya, ya ci fiye da kilomita 600,000, akasarinsu a kan keken ƙarfe mai giya uku da ya kai kilo 25.

Abin da ke kashe firam a hanya shi ne maimaici. Shahararriyar hanyar nan ta Great Divide, idan aka tashi daga Banff a Kanada aka bi ƙashin bayan duwatsun Amurka har Antelope Wells a iyakar Meziko, tana da tsawon kusan kilomita 4,400, galibi burji da tsakuwa. Tafiyar Kano zuwa Legas ce sau huɗu. Ɗan tseren keke Mike Hall ya cinye ta a 2016 cikin kwana 13 da awa 22 da minti 51, matafiyi na yau da kullum kuwa sai ya yi wata biyu. Idan kowane zagayen feda yana ciyar da keke gaba da mita 4, an taka feda fiye da sau miliyan ɗaya ke nan, kuma kowane taku yana murɗa bututan firam hagu da dama. Ba a ma lissafa gargada ba.

A nan ne zaɓen ƙarfe ke shigowa, kuma akwai wani lissafi da ke ba mutane mamaki. Baƙin ƙarfe yana da nauyin giram 7.85 a kowace santimita kubik, taitaniyam 4.5, alminiyam 2.7. A awon ƙin lanƙwasa kuwa baƙin ƙarfe yana da kusan 205, taitaniyam 105, alminiyam 69. Raba ƙin lanƙwasa da nauyi, sai ka sami 26, da 23, da 26. Ashe kusan kunnen doki suka yi. Alminiyam ya fi sauƙi sau uku, ya kuma fi laushi sau uku, shi ya sa ake yin bututunsa da ƙiba. Bambancin yana wurin gajiya da gyara. Baƙin ƙarfe yana da wata iyaka wadda muddin murɗar ba ta kai ta ba zai jure maimaici kusan ba adadi. Alminiyam ba shi da irin wannan iyaka, kowane taku yana cin wani abu daga kwanansa. Sannan nau'in 6061 da aka fi amfani da shi yana buƙatar a gasa shi a tanda bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo, abin da ba a samu a ƙauye. Dalili ke nan da yawancin maƙeran keken tafiya suka riƙe ƙarfen 4130, mai ɗauke da kabon kusan kashi 0.3 cikin 100, da kuromiyam kusan kashi 1, da ɗan molibdinam.

Yanzu ga alƙaluman da na fi so mai karatu ya riƙe. A jikin kowane bututun firam akan rubuta wasu lambobi uku, misali 0.9/0.6/0.9. Kaurin bangon bututun ne da milimita: 0.9 a bakunan biyu inda za a haɗa shi da wuta, 0.6 a tsakiya inda wahala ba ta da yawa. Katin ATM da ke aljihunka kaurinsa milimita 0.76 ne, wato tsakiyar bututun da ke ɗauke da mutum da kayansa bai kai katin kauri ba. Kamfanin Reynolds na Bamingham a Ingila ne ya yi rajistar wannan dabara a 1897, ya fito da bututunsa mai lamba 531 a 1935, sai 853 a 1995. A bututu mai faɗin milimita 28.6 da tsawon 600, rage kaurin tsakiya daga 0.9 zuwa 0.6 yana zubar da kusan giram 80.

Faɗin bututu ya fi kaurinsa iko nesa ba kusa ba. Ƙin lanƙwasa yana tafiya da kauri ɗaya bisa ɗaya, amma da faɗi yana tafiya ne da ninki uku, wato faɗi sau faɗi sau faɗi. Daga milimita 25.4 zuwa 28.6 ƙarin kashi 13 ne cikin 100 a faɗi da nauyi, amma taurin ya ƙaru da kashi 43. Daga 28.6 zuwa 31.8 a sake samun ƙarin kusan kashi 37. To me zai hana a yi bututu ƙato mai bango kamar gwangwani? Lotsewa. Maƙera da yawa suna fara ɗari-ɗari idan faɗi ya ninka kauri fiye da sau 50. Bututun 28.6 mai tsakiyar 0.6 yana kan 48, na 31.8 mai 0.5 ya kai 64. Irin na biyun ya dace da ɗan tsere da ke lallaɓa kekensa. Keken da za a jefa saman motar kasuwa, a ɗaure shi da igiya tare da buhunan hatsi, bai kamata a yi masa wannan ganganci ba.

Akwai kuma kuskuren da kuɗi ke jawowa. Ƙarfe mai tsada irin 853 ya fi 4130 ƙarfi, amma bai fi shi ƙin lanƙwasa ba, domin duk ƙarafan firam kusan 205 ɗin nan suke. Ƙarfinsa yana ba da damar a sirantar da bango, siririn bango kuma ya fi lanƙwasa. Sai mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya ɗora jakunkuna huɗu, ya sami gangara, kan keke ya kama rawa a hannunsa. Maƙerin kirki yakan tambayi nauyin mai keke da na kayansa tun kafin ya buɗe akwatin bututu.

Bayan ƙarfe sai siffa. Sandunan baya biyu da suka taso daga gindin feda zuwa tsakiyar wili sukan kai milimita 410 a keken tsere. A keken tafiya irin Long Haul Trucker na kamfanin Surly 460 ne. Wannan santimita 5 ita ke hana diddige bugun jaka a kowane zagaye, ta kuma sa kaya su zauna kan wili maimakon su rinjaya bayansa. Wuyan keke yakan karkata digiri 73 a na kwalta, 71 ko 72 a na tafiya, ƙasa da 68 a na dutse. Idan ka ja layi daga wuyan har ƙasa, zai sauka a gaban inda taya ta taka, kuma wannan ratar ce ke sa wili ya riƙa miƙe kansa, kamar tayar kujerar ofis da ke bin bayan ƙafarta. A wili mai rabin faɗi milimita 350, wuya digiri 72 da gocewar fok milimita 45 suna ba da rata 66: keke mai natsuwa, musamman da kaya a baya. A mayar da wuyan 73 da gocewa 65, rata ta koma 39, salon tsofaffin maƙeran Faransa irin René Herse da Alex Singer, waɗanda ke ɗora jakar a gaba. Digiri ɗaya da santimita biyu sun canza halin keken gaba ɗaya, alhali ma'auni bai motsa ba.

Taya ma lissafi ce. Kusan a iya cewa faɗin wurin da ta taka ƙasa daidai yake da nauyi a raba da iskar ciki. Kilo 120 a kan siririyar taya mai iska 90 a gejin mai faci yana tsaye ne kan kusan santimita murabba'i 19. A taya mai faɗin milimita 56 da iska 25, wurin ya haura 65. Hikimar tafin raƙumi ce a cikin yashi. Sai dai taya mai faɗi ba ta shiga sai an bar mata wuri tun ranar yanka bututu. Irin wannan wuri maƙeri Joe Breeze ya bari a firam na musamman da ya haɗa a yankin Marin na Kalifoniya a 1977, wanda ake ɗauka a matsayin keken dutse na farko da aka ƙera don aikinsa.

Giya kuwa, baƙin keken nan namu irin Rali, da haƙora 44 a gaba da 18 a baya, yana tafiya kusan mita 5.5 a kowane zagaye. Keken tafiya mai 22 a gaba da 36 a baya mita 1.4 yake yi. A zagaye 60 a minti, kilomita 5 ke nan a awa, saurin mai tafiya a ƙafa, amma da kilo 120 a kan hawa. Masu hali sukan sa cibiyar Rohloff ta Jamus, mai giya 14 a rufe cikin mai, wadda ake canza wa mai bayan kilomita 5,000.

Girman wili yana ruɗa mutane ƙwarai, domin sunan inci ba ya faɗin gaskiya. Rim ɗin da ake kira 26 faɗinsa milimita 559 ne, 27.5 shi ne 584, 29 kuma 622. Wilin baƙin kekenmu da ake ce wa 28 milimita 635 ne, ya fi na 29 girma. Matafiyi mai wilin 584 ko 622 da tayarsa ta yage a garin da 635 da 559 kawai ake sayarwa ya maƙale, ko da kekensa ya fi na kowa tsada.

Daga nan ne zancen ya dawo kan kauri. Ana yawan cewa firam ɗin ƙarfe ko'ina ana gyara shi, kuma gaskiya ne da sharaɗi. Waldar lantarki ta sanda, wadda ake haɗa ƙofa da taga da ita, tana huda bangon milimita 0.6 kafin a ƙifta ido. Ƙarfen 4130 yana narkewa a sama da digiri 1,400, tagullar haɗi a kusan 900, azurfar haɗi a kusan 650, shi ya sa maƙeran firam ke iya liƙa siririn bututu ba tare da sun narkar da shi ba. Wanda zai ba da odar firam don hanyoyi irin namu ya nemi bakin bututu kada ya gaza 0.9, ko da zai ɗauki ƙarin rabin kilon nan. Ku kuma masu walda, idan irin wannan keke ya zo hannunku da tsagewa, ku ajiye sandar lantarki, ku kunna gas, ku kankare wurin sosai, ku cike shi da tagulla.