Abin da ya kamata ka yi idan fayil ya ƙi gogewa daga kwandon sharar kwamfuta

Duk ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwar da ke ajiye lissafinsa a kwamfuta ya san wannan takaici: ma'adana ta cika, ka je zubar da kwandon shara domin samun wuri, sai wani fayil ya kafe ya ƙi fita. Alhali kuwa duk abin da ke cikin kwandon yana ci gaba da cin wuri har sai an zubar da shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Fayil ba ya ƙin gogewa sai da dalili, kuma gano dalilin ya fi gaggawar amfani da ƙarfi.

Dalilin da ya fi yawa shi ne wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin, ko da ba ka ganinta a fuskar kwamfuta. Rufe duk abin da ka buɗe, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare domin ganin manhajojin da ke aiki a ɓoye. Idan bai yi ba, zaɓi Restart maimakon Shut down, domin tun daga Windows 8 na shekarar 2012 kashewar da aka saba yi tana adana wani ɓangare na aikin na'urar, yayin da Restart ke farawa daga tushe.

Dalili na biyu shi ne rashin izini. A ma'aikatu da dama, jami'in kula da kwamfutoci ne kaɗai ke da ikon goge wasu fayiloli, don haka shi ya kamata a nema. Masu amfani da Mac kuma su duba ko an kulle fayil ɗin: a zaɓe shi, a danna Command da I, a cire alamar da ke jikin Locked.

Na uku, kwandon kansa na iya lalacewa, musamman idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. A Windows, kwandon wata ɓoyayyiyar folda ce mai suna $Recycle.Bin. Ana gyara shi ta hanyar buɗe Command Prompt da ikon mai kula da na'ura, a rubuta rd /s /q C:\$Recycle.Bin, a danna Enter, sannan a sake kunna kwamfutar. Windows zai samar da sabon kwando da kansa.

Sai dai a nan ake buƙatar taka-tsantsan. Wannan umarni ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma yana share kwandon duk masu amfani da wannan ma'adana, ba naka kaɗai ba. Idan kwamfutar ta ofis ce da kuke amfani da ita ku da yawa, sanar da abokan aikinka tukuna. Kuskuren harafi ɗaya ma na iya tafiya da foldar da ba ka yi niyya ba.

Saboda haka, kafin ka kai ga wannan mataki, leƙa cikin kwandon ka dawo da duk wani rasit, takardar albashi ko lissafin bashi da ya faɗa ciki bisa kuskure, ka kwafe muhimman takardunka a filash. Goge fayil aikin daƙiƙa ɗaya ne, amma dawo da shi na iya cin kwanaki da kuɗi, wani lokacin ma a rasa shi baki ɗaya.