Ruwan Like Taya: Ka San Ƙafar Motarka Kafin Ka Zuba

Wannan tambayar ta zo mana daga ɓangarorin iyaka biyu, daga masu tsofaffin Fijo da Land Cruiser da ke kai dabbobi da hatsi kasuwa, da makiyaya masu bin garke a kan babur: ruwan nan da ake sayarwa a robobi, wai in ka zuba a taya ka rabu da mai faci, gaskiya ne? To, da gaskiya a ciki, amma ba kowace ƙafa yake yi wa aiki ba.

Ruwa ne mai kauri kamar kunu, da ƙananan zaruruwa da garin roba a cikinsa. Ana sace iskar tayar, a cire 'yar allurar bawul, a ɗura shi, a mayar da allurar, a ba da iska. Da taya ta fara juyawa sai ya shafe cikinta ta wajen da ke taka ƙasa. In ƙusa ko ƙayar aduwa ta huda, iskar da ke neman fita ita ce ke turo zaruruwan cikin hudar har su toshe ta. Shi ke nan, babu wani sihiri. Huda ƙarama yake iya riƙewa, wadda ba ta wuce kamar milimita 6 ba. In kututture ya yage maka gefen taya kuwa, ko jarka guda ka zuba ba zai hana ta sacewa ba, don ruwan ba ya zama a gefe.

Ga inda maganar take. Mafi yawan wannan ruwa an yi shi ne don taya tubles, wadda ba ta da tif a ciki (shambur, in ji 'yan'uwa na Nijar). Ita kuwa tsohuwar mota labarinta daban ne. Land Cruiser mai rim ɗin zobe dole sai da tif. Babur mai wayoyi a ƙafa, shi ma tif ne. Fijo 504 ɗin nan da aka yi ta haɗawa a Kaduna, da yawansu yau rim ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe, ba ya riƙe iska, sai mai faci ya cusa tif a cikin tayar da aka rubuta wa tubles. Saboda haka kada rubutun jikin taya ya ruɗe ka. Ka tambayi wanda ya ɗaura ta.

Me ya sa tif ke ba da matsala? Fatar tubles tana da kauri, huda a cikinta kamar rami ne mai zurfi, zaruruwa na samun wurin maƙalewa. Tif kuwa siriri ne, yana miƙewa. Ƙusar da ta shiga tana nan tsaye a jikin taya, duk juyi ɗaya tana ƙara yaga shi, hudar ta koma tsaga. Ga kaya ka lafta, ga zafin rana. Ruwan sai ya tsiyaye tsakanin tif da taya, ya yi kaca-kaca. Akwai irin da aka yi musamman don tif, kuma a babur yana taimakawa wajen ƙananan ƙayoyin daji, wannan ba a musu. Amma ga motar da ta ɗauko buhuna ko bijimai za ta Maigatari ran Alhamis, a ganina kuɗin nan gara ka ƙara ka sayi sabon tif ka ajiye.

Sannan ka tuna da mai faci. Gam ba ya kama roba mai danshi, sai an wanke wurin tas an shanya. Wani ya ƙara maka kuɗi, wani ya ce ka sayi sabo. Ruwan da ya daɗe a ciki yana iya cin rim ɗin ƙarfe, musamman wanda fentinsa ya riga ya ɓare, kuma tsohon rim ba a kowane gari ake samunsa ba. Bayan kamar shekara 2 yana bushewa ya dunƙule. A kan kwalta in ka taka wuta, za ka iya jin sitiyari na karkarwa saboda nauyin da ya taru gefe ɗaya.

Akwai na biyu, na gwangwani mai fesawa, wanda ake amfani da shi bayan taya ta sace. Wannan na kai ka gari ne kawai: kada ka wuce kilomita 80 a awa, kuma ka tsaya wurin mai faci na farko. Wasu gwangwanayen iskar cikinsu na kama wuta. Kada ka bar shi a gaban mota cikin rana, kuma ka faɗa wa mai facin abin da ka fesa kafin ya kusanto da wuta ko garwashi.

Makiyayi, wannan taka ce. Wasu irin ruwan suna da sinadari irin na ruwan sanyaya inji, mai ɗan zaƙi, wanda ke lalata ƙoda. Kada a wanke taya ko tif kusa da rijiya ko kwamin shayarwa, kada a jefar da robar inda akuya, kare ko yaro zai lasa. Kuma ba robar zuba nono ko ruwan sha ba ce, ko an ɗauraye.

Wani abin da ruwan nan ke ɓoyewa shi ne tsufan taya. Ka duba gefenta, bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. In ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Masu ƙera taya da dama suna cewa in ta kai shekara 10 a sauke ta, ko da zanenta bai cinye ba. Tayar gwanjo da ta tsattsage a gefe fashewa take yi gaba ɗaya, ba huda ba.

In ƙafarka tubles ce, rim lafiyayye, kuma hanyarka ta burji da ƙaya ce inda ba a gudu, zuba, zai rage maka tsayawa a daji. Ka bi awon da aka rubuta a jikin robar, kada ka ninka. Duk mako ka zagaya tayoyin ka cire abin da ya soke su, ka gwada iska. Safaya, jak da famfo kuma su ci gaba da zama a mota yadda suke.