Yadda Ake Cire Adafta Idan Ta Maƙale a Bayan Tarakta

Duk wanda ya tsaya a bayan tarakta ya duba da idon basira zai ga wata gajeriyar sandar ƙarfe mai haƙora ta leƙo daga jikin giya, wadda ma'abuta sana'ar ke kira PTO, kuma ita ce ke ɗaukar ƙarfin inji ta miƙa shi ga injin sussuka, da na ban ruwa, da na yankan ciyawa. Kamfanin International Harvester na Amurka ya fara sa ta a taraktocinsa a 1918, daga bisani masana suka yi ittifaƙi a kan ma'auni, har aka tsaya a kan sanda mai haƙora 6, mai kaurin kusan milimita 35, wadda ke juyawa sau 540 a minti, sannan aka ƙaro mai haƙora 21 wadda ke juyawa sau 1,000. Amma da yake tsofaffin taraktoci, irin su Ferguson TE20 da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946, sandarsu ba ta kai wannan kauri ba, kuma kayan aiki ba duka suke zuwa da baki iri ɗaya ba, sai tilas ta sa manomi ya nemi adafta, watau wani ƙarfe mai rami da ake zura wa sandar domin ta dace da abin da za ta juya.

Sababin maƙalewarta kuwa ba ɓoyayye ba ne. Idan adafta ta yi damina a jikin sanda ba tare da giris ba, ruwa ya shiga tsakanin haƙora, ƙurar rani ta biyo baya ta cakuɗe da tsohon maiƙo, sai tsatsa ta cika ɗan sararin da maƙera suka bari, har ƙarafan biyu su zama tamkar an yi musu walda. Wani lokaci kuma nauyin aiki ne ke murɗe haƙoran su sarƙe da juna.

To, a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin da zarar abu ya ƙi fita sai su ɗauko babbar guduma, alhali bayan wannan sanda akwai boris da sil mai tare mai, waɗanda ba a yi su don jure duka ba, kuma ɓarnar da za a yi musu ta ninka kuɗin adafta sau da yawa. Haƙiƙa, aikin na mai haƙuri ne, kuma yana da tsari.

Wajibi na farko shi ne a kashe inji, a zare makulli, a ja birki, gama sandar da ke juyawa sau 9 a daƙiƙa ɗaya, in ta kama hannun babbar riga ko bakin rawani, ba ta ba mutum damar ko kiran taimako. Bayan haka a kankare datti da burushin waya a nemi abin da ya riƙe adaftar, ko ƙusa ce da ta ratsa ramin sandar, ko ƙaramin noti da aka ɗaure ta gefe, domin sau tari laifin da ake ɗora wa tsatsa na ƙusar da maiƙo ya rufe ne. Idan an cire wannan, sai a zuba man sassauta tsatsa, ko kananzir, ko man gas, a bar shi ya kwana yana tsima, ana ƙarawa lokaci lokaci, ana ƙwanƙwasa gefen adaftar a hankali da ƙaramar guduma domin girgizar ta buɗe wa man hanya. Sannan a kawo abin jan boris na kanikawa, ƙafafunsa su kama adaftar, a riƙa ɗaurewa sannu sannu.

In ta ci gaba da taurin kai, sai a koma ga wuta, bisa sharaɗin a goge man da aka zuba, a naɗa jiƙaƙƙen tsumma a gindin sandar don kare sil, kuma a ɗumama adaftar kaɗai cikin hanzari, saboda ta buɗe kafin zafi ya ratsa sandar. Idan duk dabaru sun ƙare, hikima ita ce a sadaukar da mai araha don tsirar da mai tsada: a tsaga adaftar ta tsawo da injin yankan ƙarfe, a tsaya kafin a taɓa haƙoran sanda, a ƙarasa buɗe ta da kurfi.

Bayan an rabu da ita, ya kamata a wanke haƙoran, a gyara kaushinsu da magagari, a shafa giris, kuma a mai da shi al'ada a cire adafta a ƙarshen kowane aiki a rufe sandar da murfinta. Tarakta a ƙasarmu sau da yawa ta haya ce ko ta ƙungiyar manoma, gonaki masu yawa na jiran ta, saboda haka kula da ita amana ce a wuyan direba da bakanike. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.