Yau a Tarihi, 19 ga Oktoba: Ranar da Aka Aika wa Dele Giwa Bam a Cikin Wasiƙa

Jama'a, yau 19 ga watan Oktoba. Rana ce da ta tara abubuwa da dama a tarihi, na gida da na waje. Zan fara jero kaɗan daga cikinsu, sannan in tsaya a kan guda ɗaya da ya faru a Legas, domin a ganina har yanzu ba mu gama biyan bashinsa ba.

A rana irin ta yau a 1934 aka haifi Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa da ke Zariya, ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975. A 1983 sojoji suka harbe Firaministan tsibirin Girenada, Maurice Bishop, ba a yi mako guda ba Amurka ta afka wa ƙasar. A 1987 kasuwar hannun jari ta Amurka ta yi mummunar faɗuwa, ta zube da sama da kashi 22 cikin 100 a wuni ɗaya. A 2005 kuma aka fara shari'ar Saddam Husaini a Bagadaza kan kisan mutanen garin Dujail.

Amma shekarar 1986 ce ta fi ɗaukar nauyi, don a ranar Afirka ta yi rashi biyu. Da dare jirgin da ke ɗauke da Shugaba Samora Machel na Mozambik ya faɗi a Mbuzini, cikin Afirka ta Kudu, yana dawowa daga taro a Zambiya. Hukumomin mulkin wariyar launin fata suka ce kuskuren matuƙa ne, mutanen Mozambik da yawa kuwa ba su yarda ba har yau. Tun kafin wannan, da hantsin ranar, an riga an kashe Dele Giwa a Ikeja.

Wane ne Dele Giwa?

An haife shi a Ile-Ife a 1947, ɗan talakawa ne, asalin iyayensa daga yankin da yanzu ke cikin jihar Edo. Wato shi ma ɗan baƙi ne a garin da ya tashi. Ya yi karatu a Amurka, ya taɓa aiki da jaridar New York Times, ya dawo gida ya shiga Daily Times, daga nan ya zama editan Sunday Concord ta marigayi MKO Abiola. A 1984 shi da abokansa uku, Ray Ekpu da Dan Agbese da Yakubu Mohammed, suka kafa mujallar Newswatch, fitowar farko ta shiga kasuwa a Janairun 1985. Mujalla ce mai bin diddigi, irin wadda masu mulki ke karantawa suna cizon yatsa.

Ranar Lahadi ce. Yana gidansa da ke titin Talabi tare da Kayode Soyinka, wakilin mujallar a Landan, sai aka kawo wani ƙunshin wasiƙa da sunansa. Yana ƙoƙarin buɗewa abin ya tashi. Soyinka ya tsira, Giwa kuwa ya cika a asibiti a ranar, yana da shekara 39. Kafin wannan rana 'yan Najeriya ba su san ana aika bam a cikin wasiƙa ba.

Kwana biyu kafin nan, jami'an tsaron farin kaya na SSS sun yi masa tambayoyi. Wannan ne ya sa lauyansa, marigayi Gani Fawehinmi, ya nuna yatsa ga manyan jami'an tsaro biyu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, Kanar Halilu Akilu da Laftanar Kanar A.K. Togun. Dukansu sun musanta, shi ma Babangida ya sha musanta cewa gwamnatinsa na da hannu. Gani ya kai maganar har Kotun Ƙoli, inda a 1987 ta amince cewa ɗan ƙasa na da hurumin neman a gurfanar da wanda yake zargi, amma shari'ar ba ta kai ko'ina ba. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, kwamitin Mai Shari'a Oputa ya sake tono zancen, ya ba da shawarar a sake bincike. Har yau ɗin nan ba a hukunta ko mutum ɗaya ba. Ni ba alƙali ba ne, ba zan ce wane ne ya yi ba. Abin da na sani shi ne an kashe mutum da rana tsaka a babban birnin ƙasa na lokacin, kuma ƙasar ta kasa faɗa mana wanda ya kashe shi.

A kwatanta da Mozambik ɗin da na ambata. A 2000 an harbe ɗan jarida Carlos Cardoso a Maputo yana binciken wata badaƙalar banki. A 2003 kotu ta ɗaure waɗanda aka samu da hannu. Ba a ce an gano komai da komai ba, amma dai an yi shari'a a bainar jama'a, wasu sun tafi gidan yari.

Ba daga kansa aka fara ba, ba a kansa aka ƙare ba

A 1973, zamanin Gowon, wani ɗan jarida mai suna Minere Amakiri ya buga koken malaman makaranta a jihar Ribas, labarin ya fito daidai da ranar zagayowar haihuwar gwamna. Aka kama shi, aka aske masa kai, aka tsula masa bulala 24. Gani ne ya tsaya masa a kotu har aka ba shi diyya. A 1984, zamanin Janar Buhari, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda a ƙarƙashin Dokar Soja mai lamba 4. Babangida ya soke dokar da ya hau a 1985, aka yi ta tafi. Sai ga shi a 1987 gwamnatinsa ta rufe Newswatch na wata shida saboda ta buga rahoton kwamitin tsara siyasa kafin a sake shi. A zamanin Abacha, Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace, iyalinsa ba su sake ganinsa ba.

Da farar hula suka zo an samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, a 2011 kuma aka sa hannu kan dokar 'yancin samun bayanai daga hukumomi. Sai dai hali zanen dutse. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu rubutu a Facebook, har sai da aka yi masa gyara a 2024, kuma kamen bai tsaya ba. A watan Yunin 2021 gwamnati ta toshe Twitter tsawon wata bakwai, daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka.

To, mu ina ruwanmu?

Na san wani zai ce, Malam, mu da muka zo neman abinci, me ya haɗa mu da rigimar 'yan jarida da gwamnati? Ai mai sayar da albasa a Mile 12 ko mai canji a Sabo ba ya buga mujalla. Ni kuwa ina ganin mu ne muka fi kowa buƙatar wannan 'yanci.

Dalili shi ne, idan aka toshe bakin masu bincike, labari ba ya mutuwa, jita-jita ce ke maye gurbinsa. Jita-jita kuma baƙo take fara ci. A tuna Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da Ile-Ife a 2017, da kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021. Kusan ko'ina ƙaramin abu ne tsakanin mutane ƙalilan, kafin a ankara an ce wai an kashe ɗari, wai ana zuwa da motoci cike da makamai. A irin wannan lokaci abin da ke ceton rai shi ne a samu wanda zai je wurin da ƙafarsa, ya ji ta bakin Sarkin Hausawa, ya ji ta bakin Baale, ya ƙirga gawa da idonsa, ya buga ba tare da tsoron a zo a ɗauke shi da dare ba. Ko abin da ya faru da mafarautan nan a Uromi a watan Maris na 2025, ba don maganar ta fito fili jaridu sun yayata ba, da ƙila an binne ta kamar ba a yi ba.

Wanda ke da gwamna ɗan garinsu, da ɗan majalisa ɗan unguwarsu, yana da ƙofofi da yawa da zai buga. Wanda aka rushe wa rumfa ba sanarwa, ko aka ƙwace wa babur ba rasit, ko ake karɓar masa haraji kashi uku a kan buhu ɗaya, sau da yawa bakinsa kaɗai gare shi. In aka hana shi magana, an raba shi da ɗan abin da ya rage masa.

Sai dai akwai wani gefe da dole in faɗa, ko da zai yi ɗaci. Mu ma idan aka taɓa mu a rediyo ko a intanet, abin da ke fara fitowa daga bakinmu shi ne a kama shi, a rufe gidan rediyon. Na fahimci zafin. Wasu kafafen na Kudu suna yi mana kuɗin goro, laifin mutum ɗaya sai a jingina wa ƙabila gaba ɗaya, kuma hakan na jawo asarar rayuka. Amma mu lura: dokar da ka roƙa a yi don a rufe bakin wanda ya zage ka, ba a hannunka za ta zauna ba. Tana hannun mai mulki, shi kuma gobe kai ne za ka ɓata masa rai. Iyayenmu na NEPU sun ga haka. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga gidan yari ba don ta yi sata ba, sai don ta yi magana a inda aka ce a yi shiru.

Ba ina cewa baki ba shi da linzami ba ne. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ce gwamna ya ci kuɗin hanya, da wanda ya ce a fita a ƙona shagunan ƙabila kaza. Na farko suka ce, idan ƙarya ya yi, kotu na nan, a kai shi ƙarar ɓata suna ya kawo hujja. Na biyu ingiza jama'a ne zuwa kisa, a kama shi a gurfanar da shi a gaban alƙali, ko ɗan wane ne. Abin takaici, a ƙasar nan an fi saurin kama na farko.

Nauyin da ke kanmu

A zamanin Dele Giwa, sai mai injin buga jarida ke iya kai magana ga dubban mutane. Yau duk mai waya a aljihu edita ne. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp zai iya tashi daga Agege da safe, kafin azahar ya isa Kano, kafin la'asar an fara neman wanda za a rama a kansa. Don haka 'yancin da muke nema ya zo da amana. Kafin ka tura hoton gawa, tambayi kanka: a ina aka ɗauka, yaushe, wa ya gani? Sau nawa aka yaɗa tsohon hoto, ko na wata ƙasa, aka ce na jiya ne a Onitsha? In ba ka tabbatar ba, riƙe. Magana zarar bunu ce.

Sannan idan aka kama ɗan jarida saboda abin da ya rubuta, kada mu fara tambayar ɗan ina ne. Newswatch mutum huɗu suka kafa ta daga sassa daban-daban na ƙasar nan, kuma lauyan da ya ƙarar da shekaru yana bin jinin Giwa Bayarabe ne daga Ondo, Giwa kuwa ba ɗan garinsu ba ne. Shugabannin al'ummarmu su riƙa buɗe ƙofa ga 'yan jarida tun ana zaman lafiya, matasanmu masu ilimi su shiga aikin, su riƙa rubutu da Hausa da Turanci da Yarabanci, domin in ba ka ba da labarinka ba wani zai bayar yadda ya ga dama.

Game da Dele Giwa kuwa, laifin kisan kai ba ya tsufa a doka. Wasu daga cikin waɗanda suka san abin da ya faru suna raye, kuma tambayar wa ya aiko da wasiƙar nan tana nan tana jiran amsa. Haƙƙinmu ne mu ci gaba da yin ta duk ranar 19 ga Oktoba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya a inda muke, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da jure jin ta.